DAGA GABAN ALLO: Buhun Koko Da Waɗanda Ba A Rubuta Sunansu Ba

A wannan wata za mu yi magana ne a kan koko. Kafin wani ya ɗauko ludayi da ƙosai, bari mu faɗa tun da wuri cewa ba kokon gero muke nufi ba, wanda matanmu ke damawa da asuba a Nima da Aboabo, har duk ƙasar nan ta san shi da sunanmu. Ɗaya kokon muke nufi, na kurmi, wanda ake ɗurawa a buhu a kai bakin ruwa, ya tafi ƙasashen Turawa a yi cakulan da shi.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan zango da koko, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka mallaki gona? To ai ba sai da gona ba. A je Kaase a Kumasi, ko Tema da Takoradi, a duba su wa ke ɗaukar buhu a ka daga mota zuwa sito. A duba su wa ke tuƙa manyan motocin da ke fitowa daga Sefwi da Goaso. A shiga ƙauyukan kurmi a ga masu tsaron gona, waɗanda suke share ta, su yi feshi, su girbe, mai gonar kuwa yana zaune a gari. Da yawa daga cikinsu mutanen arewa ne da na Burkina da Togo, in sun fito gari a zango suke sauka, da Hausa suke ciniki, 'ya'yansu kuma a azuzuwanmu suke zama. In kakar koko ta yi kyau, mai tuwo da tela da mahauci duk sai sun ji a aljihunsu. In ta ɓaci, littafin bashi ne ke cika.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani ofishi da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Kowane babban kamfanin cakulan, irin su Mars da Nestlé da Mondelez da Hershey, yana da sashen sayen kaya. Aikin ma'aikatan wannan sashe shi ne su samo wa kamfani koko da sukari da madara, su zaɓi wanda za a saya a wurinsa, su daidaita farashi, su sa ranar biya. A shekarun baya-bayan nan an ƙara musu wani aiki, watau su tabbatar da cewa masu kawo musu kaya ba su sa yara aikin wahala ba, ba su sare dajin da aka hana ba, ba su ci haƙƙin lebura ba. A namu ganin, waɗannan ayyuka biyu kamar awaki biyu ne a igiya ɗaya, kuma duk sa'ad da suka ja, akuyar neman araha ce ke rinjaye.

Domin a gane abin da muke nufi, sai an bi buhu guda daga gona har kanti. Gana da Kwaddebuwa su ke noma kimanin rabin kokon duniya, wasu shekarun ma fiye da haka, kuma a nan Gana manoma wajen 800,000 ne ke wannan aiki, mafi yawansu a kan 'yan ƙananan gonaki. Ana sare ƙwallon da adda, a fasa, a tara 'ya'yan cikin ganyen ayaba su yi kamar kwana shida suna tsima, sa'an nan a shanya su a tabarma bisa rumfa har su bushe. Daga nan sai wurin akawun sayen koko na ƙauye, shi ne mai sikeli. Buhu guda kilo 64 ne, buhu 16 kuma su ne tan ɗaya. Akawun yana yi wa wani kamfani mai lasisi aiki ne, domin tun 1993 gwamnati ta yarda kamfanoni masu zaman kansu su riƙa saye a ƙauyuka. Kamfanin ya tara a siton gunduma, ma'aikatan duba inganci su zo su gwada su buga hatimi, motoci su kwashe zuwa Kaase ko Tema ko Takoradi. A can Hukumar Koko, wadda kowa ya sani da COCOBOD, ita ke karɓa, ita ce kuma ke sayarwa ga 'yan kasuwar waje.

Masu saye daga hannun hukumar yawanci ba su ne masu sunan da ke jikin takardar cakulan ba. Manyan masu niƙa ne, irin su Cargill da Barry Callebaut da Olam, waɗanda ke mai da ƙwayar ta zama man koko da garin koko. Su ne ke sayar wa masu cakulan, su kuma su sayar wa manyan kantuna. In muka ƙirga, hannu bakwai ke nan: manomi, akawu, kamfani mai lasisi, hukuma, mai niƙa, mai cakulan, mai kanti. Masu bin diddigin wannan ciniki sun ƙiyasta a 2015 cewa abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 7 cikin 100 na kuɗin da mai shan cakulan ya biya ba. A lura, cikin hannuwan nan bakwai ba mu ƙirga mai tsaron gona ba, domin babu littafin da ya ƙirga shi. Za mu dawo kansa.

To yaya kamfanin da ke Suwizalan ko Amurka zai san abin da ke faruwa a hannu na farko? Dabarar da suka fi so ita ce takarda. Kamfani ya rubuta ƙa'idojinsa, wanda ke sayar masa ya sa hannu, shi ma ya sa na ƙasa da shi ya sa hannu. Lokaci-lokaci a aiko masu bincike su zaga 'yan gonaki, kuma sau da yawa an san ranar zuwansu. Mu malamai mun san irin wannan ziyara. Ranar da sufeto zai zo, allo fes, rajista cike, har yaron da bai taɓa sa takalmi ba sai an samo masa. In binciken ya wuce lafiya, sai a buga tambari a takardar cakulan, na Fairtrade ko ɗan koren kwaɗon nan na Rainforest Alliance. Ba mu ce aikin banza ba ne, akwai ƙauyukan da suka sami rijiya da aji ta wannan hanya. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce, kuma yadda koko ya kafu a ƙasar nan yana da nasaba da ita. A farkon ƙarni na 20, kamfanin Cadbury na Ingila yana sayen kusan rabin kokonsa daga tsibirin Sao Tome, wanda ke hannun Fotugal. Leburorin gonakin tsibirin daga Angola ake kamo su, a takarda an ce kwangila suka sa wa hannu, a zahiri kuwa bayi ne, kusan babu mai komawa gida. Masu kamfanin sun ji labarin tun 1901. Mutane ne masu kishin addininsu, kuma sun yi suna wajen kyautata wa ma'aikatansu na Ingila. Sai suka yi ta rubuta wasiƙu zuwa Lisbon, a 1905 suka aika wani mai suna Joseph Burtt ya binciko, ya dawo ya tabbatar da abin da aka riga aka sani. Ba su daina saye ba sai a watan Maris na 1909, shekara takwas bayan labarin ya iso musu.

Abin lura shi ne, a 1908 ne suka fara sayen koko a nan ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, inda irin da Tetteh Quarshie ya dasa a Mampong a 1879 ya riga ya bazu. Watau sun saki reshen Sao Tome ne bayan sun kama wani. Wata jaridar Landan mai suna Standard ta zarge su da munafunci, suka kai ta ƙara, kotu ta ce suna da gaskiya a ƙarshen 1909, amma diyyar da aka yanke musu rubu'in kwabo ɗaya ce tak. Masu yanke hukuncin sun faɗi ra'ayinsu da wannan rubu'in kwabo. Zuwa 1911 ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko.

Mu tsallako zuwa namu zamani. A shekara ta 2000 da 2001 'yan jarida suka fallasa yadda ake kai yaran Mali da Burkina gonakin koko a Kwaddebuwa. 'Yan majalisar Amurka suka tashi za su yi doka, kamfanoni suka roƙi a bar su su gyara da kansu. A watan Satumba na 2001 suka sa hannu kan yarjejeniyar da ake kira Harkin-Engel, da sunan 'yan majalisa biyu, suka ɗauki alkawarin kawar da munanan nau'o'in aikin yara zuwa Yuli na 2005. Wa'adin ya zo ya wuce, aka ɗaga zuwa 2008. A 2010 aka sake sabon alkawari, cewa za a rage da kashi 70 cikin 100 zuwa 2020. A watan Oktoba na 2020 cibiyar bincike ta NORC ta Jami'ar Shikago, wadda gwamnatin Amurka ta ba aikin ƙirga, ta fitar da sakamako: yara miliyan 1.56 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin kokon ƙasashen biyu a kakar 2018 zuwa 2019, wajen 770,000 daga cikinsu a nan Gana.

A nan dole mu yi hattara, domin mu ma da fartanya muka tashi, kuma babu wanda ya ce yaro kada ya taya ubansa aiki. Dokar Yara ta ƙasar nan ta 1998 ta fayyace: ƙaramin aiki daga shekara 13, aikin albashi daga 15, aiki mai haɗari sai 18. Abin da ake magana a kai shi ne ɗan shekara goma da adda mai tsawon hannunsa, ko yana ɗauke da ɗanyen koko da ya fi ƙarfin wuyansa, ko yana tsaye kusa da mai feshin magani babu abin rufe hanci. Mafi yawan waɗannan yara gonar iyayensu suke yi wa aiki, ba sato su aka yi ba, kuma da yawansu suna zuwa makaranta. Sai dai duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙauyen koko ya san yadda rajista ke ramewa daga Oktoba zuwa Disamba, ya kuma san yaron da ke zuwa amma barci ne aikinsa a benci na baya. Uban nan ba mugu ba ne. Lebura na son kuɗinsa a hannu da yamma, shi kuwa ba shi da su, ɗansa kuma ba ya cajinsa ko sisi.

Ga lissafi irin na aji huɗu. A tsarin da Tonawa ke kira abusa, amfanin gona kashi uku ake rabawa, mai tsaron gona ya ɗauki ɗaya. A ce gona ta ba da buhu 15 a shekara, abin da ba kowace gona ke kaiwa ba. A farashin da gwamnati ta sa a Satumba na 2024, watau sidi 3,000 kowane buhu, kuɗin duka sidi 45,000 ne. Rabon mai tsaro sidi 15,000, in aka raba wa wata goma sha biyu, sidi 1,250 ke nan a wata, ga mata ga 'ya'ya ga asibiti. Kuma wannan a shekarar da farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. Shekara guda kafin nan buhu sidi 1,308 ne. Daga ina wannan mutum zai ciri kuɗin lebura? Kamfanin da ya aiko masa da takardar gargaɗi kan aikin yara, in bai taɓa farashi ba, ya ba shi umurni ne bai ba shi abin cika umurnin ba.

An kuwa gwada su a kan farashin, an ga halinsu. A 2019 Gana da Kwaddebuwa suka haɗa kai suka ce daga kakar 2020 zuwa 2021 duk mai sayen kokonsu zai ƙara dala 400 a kan kowane tan, domin manomi ya sami abin rayuwa. Kamfanoni suka fito fili suka ce sun yarda, wasu har da yabo. Amma akwai wani tsohon ƙari da ake biya saboda ingancin kokon kowace ƙasa, wanda shi ciniki ake yi a kansa. Sai masu saye suka yi ta matse wannan, har ya koma ƙasa da sifiri, watau abin da aka bayar da hannun dama aka karɓe da na hagu. A ƙarshen 2020 hukumomin ƙasashen biyu suka zargi Hershey da sayen koko ta kasuwar hada-hada ta Niyok domin kauce wa dala 400 ɗin, suka dakatar da shirye-shiryensa na taimakon manoma. Kamfanin ya musanta, bayan 'yan kwanaki aka sasanta. A watan Oktoba na 2022 kuma ƙasashen biyu suka ƙaurace wa taron manyan kamfanonin koko a Burasel saboda wannan batu. Abin da ya ba mu mamaki shi ne kamfani ɗaya ne ke da ofishin taimakon manoma da ofishin matse farashi, wataƙila ma a bene ɗaya suke.

Kotu ma ba ta zama mafita ba. Wasu 'yan Mali su shida, waɗanda suka ce an kai su gonakin Kwaddebuwa suna yara aka sa su aikin dole, sun kai ƙarar Nestlé da Cargill a Amurka tun 2005. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙoli ta can ta ce abin da ake ƙara a kai a wajen Amurka ya faru, don haka ba za a yi shari'ar a ƙarƙashin dokar da suka dogara da ita ba. Shekara goma sha shida ana kai da kawowa, ba a ko shiga ainihin zancen ba.

Kada mu ɗora wa baƙi laifi duka, na gida ma yana da nasa kaso. COCOBOD ta daɗe tana sayar da koko tun yana bisa itace, kuma har zuwa kakar 2023 zuwa 2024 takan karɓi bashin bankunan waje a kan wannan ciniki domin ta biya manoma. A shekarun da farashi ke faɗuwa wannan tsari ya kāre manomi, gaskiya ne. Amma a kakar 2023 zuwa 2024 amfanin ya faɗi zuwa kusan rabin tan miliyan ɗaya da 'yan kai da aka samu a 2020 zuwa 2021, saboda cutar kumburin reshe da rikicewar damina da gonakin da masu galamse suka tone. Farashin duniya ya haura dala 10,000 kowane tan a watan Maris na 2024, alhali an riga an sayar da namu a kusan dala 2,600. Manomi yana jin farashin duniya a rediyo, abin da ke shiga hannunsa kuwa kamar rubu'insa. Ba abin mamaki ba ne da buhuna suka yi ta tsallaka iyakar Togo da dare.

Sai kuma sikeli, wanda a ganinmu ya fi kowane abu kusa da mu, domin akawun da ke riƙe da shi wani lokaci ɗan unguwarmu ne. Kukan manoma kan sikelin da aka murɗe ya daɗe, har hukuma ta shigo da sikeli mai lantarki domin magance shi. A sake lissafi: a farashin sidi 3,000, kilo ɗaya kusan sidi 47 ne. In aka tauye kilo biyu kacal a kowane buhu, buhu 15 sun yi asarar wajen sidi 1,400, fiye da rabon wata guda na mai tsaron gonar da muka ambata. Akawun zai ce shi ma la'adarsa ba ta isa ba, kamfani kuma yana cire masa kuɗi in koko ya ƙara bushewa a sito ya rage nauyi. Wataƙila da gaskiyarsa, domin matsin da aka fara daga sama haka yake gangarowa, kowa ya danna na ƙasa da shi. Amma wannan ba ya mai da tauye mudu halal. Ƙungiyar manoma ta Kuapa Kokoo, wadda aka kafa a 1993, ta yi suna ne tun farko da abu mai sauƙi: mutanen ƙauye su ke zaɓen mai auna musu daga cikinsu, kuma kowa na da ikon duba sikelin.

Kakanninmu sun san wani abu game da cinikin nesa. A zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga, baƙon falke ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Wurin maigida yake sauka. Maigida ya ba shi masauki, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, in an ba da bashi shi ne ke tsayawa lamuni. In goro ya fito da ƙwari a tsakiyar huhu, an san ƙofar da za a buga, maigida kuma ya san in ya ce ba ruwansa, baɗi ayari gidan wani zai sauka. Ba muna cewa zamanin nan na adalci ne zalla ba, domin a kasuwar Salaga ɗin nan har mutane aka sayar, kuma wannan tabo ne da bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba. Abin da muke ɗauka shi ne ƙa'ida ɗaya: wanda ya ci la'adar ciniki, shi ke ɗaukar nauyin abin da ya ɓaci a cikinsa, kuma ana yin hulɗar ne shekara da shekaru, ba kaka ɗaya ba.

Akwai masu gwada irin wannan a yau. Wani kamfanin Holan mai suna Tony's Chocolonely yana ƙulla cinikin aƙalla shekara biyar da ƙungiyoyin manoma, har da na nan Gana, yana biyan ƙari a kan farashin gwamnati, yana kuma bayyana yawan yaran da ya samu suna aiki a gonakin da yake saye. Nestlé ma a 2022 ta fara biyan iyalai kuɗi kai tsaye ta waya in sun sa 'ya'yansu a makaranta, rabi ga miji rabi ga mata. Waɗannan sun nuna abin mai yiwuwa ne, sai dai manoman da suka shafa kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu noman.

Yanzu ga abin da ke tafe, wanda shi ne ya fi damunmu. A 2023 Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar mai sayen kokonmu, ta yi dokar hana shigo da koko da gahawa da manja da roba da katako da wasu kayayyaki in an noma su a wurin da aka sare daji bayan 31 ga Disamba 2020. An so ta fara aiki a ƙarshen 2024, amma an ɗaga ranar fiye da sau ɗaya saboda kukan kamfanoni da gwamnatoci. Abin da dokar ke nema shi ne mai shigo da kaya ya nuna ainihin gonar da kowane kaya ya fito, da lambobin wurin a taswirar tauraron ɗan Adam. Shi ya sa aka ga samari da na'ura a hannu suna zaga iyakokin gonaki, hukuma kuma tana rubuta manoma a rajista tana ba su kati. A karon farko ke nan da za a iya bin buhu daga jirgin ruwa har gindin itace, kuma wannan ci gaba ne.

Amma wa ake rubutawa? Gona ake aunawa, mai gona ake ba kati. Dokar ta ambaci bin dokokin ƙasa har da haƙƙin ma'aikata, sai dai abin da tauraron ke gani itatuwa ne, ba ya ganin wanda ke ƙarƙashinsu. Mai tsaron gona, wanda shi ne ya yi shara da feshi da girbi, sau da yawa sunansa ba ya littafin sayarwa, ba ya rajistar ƙungiya. In kuɗin ƙari na tambari ya zo bayan kaka, hannun mai kati yake shiga, mai tsaro sai dai ya ji labari. In an kira horo kan feshi, wanda ba ya feshi ne ke zuwa ya karɓi takalmi da safar hannu. In masu bincike sun zo ƙirga yara, gidan mai gona suke fara nema, alhali yaran da suka fi shiga haɗari suna can bukkar cikin gona, nesa da makaranta. Dattawanmu ba su manta da Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutanen da suka yi shekaru suna raya gonakin koko suka fita da abin da ka zai iya ɗauka. Ba muna cewa irin wannan na tafe ba. Muna tunatarwa ne cewa mun taɓa ganin abin da rashin suna a takarda ke jawowa.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyinmu na ƙauyukan koko da su ɗauki wannan a matsayin aikinsu kafin kaka mai zuwa ta buɗe. Dokar Filaye ta 2020 ta amince da yarjejeniyar rabon amfanin gona irin ta gargajiya, don haka babu laifi ko rashin kunya in mai tsaro ya nemi a rubuta tasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A rubuta sunan mai gona da na mai tsaro, da wurin gonar, da yadda za a raba, da wanda zai sayi magani da taki, da shekarun da za a yi, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Mai tsaro ya riƙa zuwa wurin awo da kansa, ya ga nauyin da aka rubuta. Ya kuma tambayi ƙungiyar manoman ƙauyen ko tana karɓar masu tsaro, domin akwai masu karɓa.

Mu malamai da ke koyarwa a waɗannan yankuna, rubuta irin wannan takarda da Turanci da Hausa ba zai ci mana fiye da rabin awa ba bayan an tashi makaranta, kuma bai kamata mu karɓi ko kwabo a kai ba. Wanda zai rubuta, kada ya manta da layi ɗaya da aka fi mantawa da shi: in kamfani ya biya kuɗin ƙari bayan kaka, shi ma kashi uku za a raba shi kamar sauran.